Sashe na Tara

Ni na buga masa ƙudurin, sau goma sha ɗaya,
na Turanci don majalisa, na Hausa don 'yan rami.
Tafiretar ofis ba ta san ƙugiya ba,
sai in bi da biro ina lanƙwasa kan haruffa
har a kira magariba a Gangare.

Cindo Nagode.
Nagode kakansa ne,
sunan da mai shi ya sa masa ranar ciniki.
An ce ya sauya kafin a buga fosta.
Ya ce, "Tabo ne.
Wanda ya ɓoye tabo ya wanke wa wuƙa laifi."

Da kansila ya fara, a kan babur mai tari,
yana bin kududdufan da kuza ta bari
daga Bukur har bayan Rayfil.
Can ya ga Davou, ɗan shekara tara,
ana zura shi rami da igiya kamar guga,
jinginar buhun taki biyu da ubansa ya ci.
Can ya ga Ɗanliti, bashin asibitin uwarsa.
Ɗaya na zuwa coci, ɗaya masallaci,
igiyar ba ta taɓa tambaya ba.

Da ya shiga majalisa hula ɗaya gare shi.
Ya miƙe ya ce, "Mutum ba ya zama jingina."
Aka yi dariya. Wani ya ce bauta ta mutu tun zamanin anini.
Ya ce, "To wa ke cin abincinta?"
Aka kashe masa lasifika.
Ya ci gaba da maƙogwaro.

Ranar ƙuri'a ya ɗaga hannun nan mai yatsa shida,
akawu ya ƙirga ɗaya.

Sun zo masa da dare, na ga motar,
da makullin gida a cikin ambulan.
Ya ba su shayi, ya raka su ƙofa,
ya ce sun manta kayansu a kan tabarma.
Jam'iyya ta kore shi ranar Talata.
Laraba ya zo aiki a tasi, ya ce, "Asabe, sa takarda."

Ba waliyyi ba ne, kar ku ji.
Yana da faɗa, ba ya sauraro,
ya taɓa riƙe mini albashi wata biyu bai ba da haƙuri ba.
Matarsa ta ce ta auri fayil.

A shekara ta bakwai doka ta wuce.
An yi tafi, an ɗauki hoto,
amma a hanyar kwamiti an cire mata haƙori:
sashe na tara, mai cewa mai rami ma zai sha ɗauri,
ba dillali kaɗai ba.
Ya sa hannu yana kallon ƙasa.
"Rabin gurasa," in ji shi, "a kai wa yaran tukuna."
Yara arba'in da uku suka hau sama a damanar nan.
Na buga sunayensu. Davou na ciki.
Ɗanliti ba ya ciki, ramin ya riga mu.

Zaɓe ya zo, ya faɗi har a akwatin layinsu.
Sun ce bai gina ko kwalbati ba.
Gaskiya ne, bai gina ba.

Yanzu yana Farar Gada, kusa da masu dankali,
yana rubuta wa mutane takardar ƙara kyauta,
idon hagu ya tafi, faɗan yana nan.
Jiya na kai masa lemo, bai ce sannu ba.
Ya ce, "Kina da kwafin?"

Ina da shi.
Yana ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan Sallah,
takardar ta yi ja, ƙugiyoyin biro sun dushe.
Ya ce in kawo ranar Litinin,
wai akwai wata yarinya da ta ci zaɓe daga Kuru,
an ce tana da taurin kai.